Bidon Maganin Saniyar Inna

Dogo-Dogo

Ana kiran assalatu na hau bayan moto, wato babur ɗin Ilu, maƙwabcinmu. Na bar saniyar Inna kwance a turke, ko dusa ba ta kallo tun da ta haihu. Ita kaɗai ta rage wa Inna cikin shanun gadonta. Malam Sani, mai duba dabbobin karkararmu, ya ce nono ne ya tsotse ƙarfinta, sai an ɗura mata wani ruwa, wai shi firofilen gilikol, kuma sai a Magariya.

"Kada ka tsaya cin tuwon kowa," in ji Inna.

Dungas

Da hantsi muka shigo, yashi ya gama wahal da mu. Ilu ya sauke ni a tasha, motar Magariya kuwa ta ƙi cika. Ina zaune a ciki, duk ƙarar wayar da na ji sai in zaci labarin mutuwar saniyar ne.

Magariya

Dattijon da ke sayar da maganin dabbobi ya tsiyayo mini daga babban duro cikin bidona, 'yar jarkar da na zo da ita. Garai-garai kamar ruwan rijiya, ba wari, sai dai yana zuba a hankali kamar man gyaɗa.

"Baba, anya shi ne?"

Ya ɗiga mini a yatsa. Santsi, da ɗan zaƙi a harshe.

"Shi ne, ɗana. Amma yana da ɗan'uwa, wanda ake zuba wa mota don sanyaya inji. Wancan dafi ne, kada kowa ya sayar maka. Ka rufe bakin bidon sosai, yana shan laimar iska."

A bariya

A komowa jandarmomi suka tare mu a shingensu, suna neman isansin sumoga, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri. Ɗaya ya fizgo bidona, wanda ba rubutu a jikinsa, ya buɗe, ya karkata shi zai tuttular.

"Shef, don Allah! Ran saniya ne a ciki!"

"Kowa haka yake cewa."

Na roƙi ruwa a kofi, na ɗiga maganin. Ya nutse, na kaɗa, ya ɓace. Wata tsohuwa daga cikin mota ta ce, "Yaro, da isansi ne ai da ya taso sama." Jandarman ya sunsuna, ya miƙo mini bidon.

Gida

Rana ta yi ja muka iso. Na kasa tambayar kowa, sai da na leƙa turke na ga kunnen saniyar yana motsi. Malam Sani ya ɗaga kanta, ya ɗura mata kaɗan-kaɗan don kada ta shaƙe, safe da yamma.

Ranar Juma'a ina alwala na ji Inna tana faɗa. Saniyar ce ta tashi ta tura kai cikin kwandon wakenta. Na gode wa Allah, na gode wa Ilu da tsohuwar nan da ban san sunanta ba. Inna kuwa har yau tana mitar waken.