Ƙwayar Shinkafar Da Ta Ɓace

Ko da zan manta komai na zamana a Riyad, wallahi ban da wata safiya da na tsayar da mota a bakin titin Malaz, wata tsohuwa tana rera waƙa a cikin waya.

Lokacin ina tuƙa nas-nas daga masaukinsu zuwa asibiti. A cikinsu akwai wata 'yar Maleshiya, daga ƙabilar Kadazan-Dusun. Sista nake ce mata, ita kuma ta ce min Sadik. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, in shinkafa ta zube a mota, sai ta tsuguna ta tsince tas. Na taɓa tsokanarta: "Haba Sista, yunwa ake yi a garinku?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce kakarta bobohizan ce, wato matar da ke jagorantar al'adun girbi. A wurinsu shinkafa tana da kurwa. Bayan girbi, kakar kan shiga gona tana waƙa, tana kiran kurwar duk ƙwayar da tsuntsu ya ɗauke ko ruwa ya tafi da ita, ta dawo rumbu. Na ce a raina, a'uzubillahi. Ni Musulmi ne, ban yarda da wannan ba, har gobe.

Kakar ta so ta koya mata waƙoƙin, don babu sauran mai iya su a ƙauyen. Ita kuwa ta zaɓi karatun jinya. Da tsohuwar ta kwanta ciwo gab da girbi, Sista ta nemi izinin tafiya, mudir, wato shugabansu a asibiti, ya yi ta ce mata bukra, bukra, wato gobe, gobe.

Ran nan muna hanya wayarta ta yi ƙara. Ta ce, "Sadik, tsaya, don Allah." Na gangara gefe na kashe mota, ta amsa, ta buɗe muryar wayar, ashe kakarta ce take waƙa. Muryar tsohuwar siririya ce, tana rawa, tana yankewa. Sista ta rufe baki da hannu, hawaye na zuba.

Da wayar ta katse na ce, "Me take cewa?"

"Waƙar kiran ƙwayar da ta ɓace ce," in ji ta. "Amma sunana ta sa a ciki."

Izinin ya fito bayan an binne tsohuwar.

Na tuna Innata a ƙauyenmu na Maradi, wadda kullum take tambayar yaushe zan zo, ni kuma ina ce mata sai baɗi. A makon nan na je wurin kafil, wato uban gidan da ya ɗauke ni aiki, na ce hutu nake so. Na samu Inna da rai, ta rasu damina na zagayowa.

Abin da na koya ke nan: in tsohonka ya kira ka gida, tashi ka tafi tun muryarsa na fita.