Kawu da Sunan Jirani

Shagon askin Kawu yana fuskantar dutsen garinmu, har ƙololuwarsa takan fito a madubi, daidai saman kan wanda ake yi wa aski. Jirani ake ce wa dutsen, kuma kowa ya yarda Kawu ne kaɗai ya san dalili, don kakansa ya yi kiwo a can.

Matsalar ita ce bakin Kawu ba ɗaya ba ne. In direba ya zauna, sai ya ce masa wata mata ce mijinta ya yi mata nisa wajen hawa, tana ta kiran "jira ni". In manomi ne, ya ce ai "ji rani" ne, don a can zafi yake fara sauka. Da liman ya zo kuwa, sai sunan ya koma Larabci, wai "maƙwabtana". Na taɓa ganin tela da mahauci sun kusa ba hammata iska a kan wannan, kowa na rantsuwa daga bakin Kawu ya ji. Ni ɗan ƙanwarsa abin ya fi ɗaure wa kai, don duka ukun ya faɗa mini, ko murmushi babu.

"Kawu, don Allah wanne ne na gaskiya?"

"Sunkuyar da kai kar in yanke ka. Wata rana zan faɗa maka."

Na yi ta jira har na yi gemu. Sai tsufa ya fara taɓa shi: ya aske rabin kai ya ajiye aska, ya kira ni da sunan mahaifiyata. Tsoro ya kama ni, don in ya manta, babu sauran wanda za a tambaya.

Ran nan na zaunar da shi a kujerar, ni nake yi masa aski, da niyyar yau sai ya faɗa. Kafin in buɗe baki, ya ƙura wa madubi ido.

"Yaro, wancan dutsen ya sunansa?"

"Jirani, Kawu."

"Wane irin suna ne wannan? Me ya kawo shi?"

Na rasa wanne zan ɗauka, sai na ba shi labarin matar. Ya saurara baki buɗe, kamar bai taɓa ji ba.

"Allah sarki," in ji shi. "To, ya jira ta?"

Wannan kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na goge masa kumfa a kunne.

"Ya jira ta, Kawu."