Naman Suna da Ruwa Ya Jiƙa

Shekarar da iska ta taso daga teku ta kifar da jiragen masunta a Jidda, ita ce shekarar da aka rushe layin bayanmu a unguwar Hindawiyya ta Makka, Hajji biyu bayan rasuwar maigidana. A watan nan matar ɗana ta haifi namiji.

Ba mu da abin ciyar da 'yan suna sai naman hadaya da na samo a Mina. Na yanyanka shi siri-siri, na barbaɗa gishiri, na shanya a igiya a saman bene kamar kowace shekara. Ranar Makka ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Wata rana da la'asar wani mai tasi ya dawo daga Jidda, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Hajiya, hadarin da na baro a can yana tafe." Na ce, "Ɗan nan, je ka sha shayinka." Kafin in hau sama iska ta tsinke igiya, ruwa ya kece. Nama ya jiƙe sharkaf, hadari kuma bai da niyyar washewa.

Maijego, haihuwar nan ce ita, ta fashe da kuka: "Halas, shi ke nan, Inna, mun ji kunya." Maƙwabciyata ta shinshina ta ce in zuba wa kyanwa, gobe wari zai yi.

Na ce, "Ni 'yar bakin kogi ce. A garinmu damina ba ta hana mu ajiye kifi."

Na sa aka mirgino tsohon duro ƙarƙashin matakala. Na fasa akwatunan tumatir, na hura wuta mara harshe, hayaƙi zalla, na ɗora raga, na jera nama, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Banda ke nan, yadda uwata take yi wa tarwaɗa. Mai gidan hayarmu ya sauko yana ihu wai gobara. Na miƙa masa tsoka ɗaya. Ya tauna, ya sake miƙo hannu.

Ranar suna muka yi tuwo da miyar kuka. Mata har daga unguwar Zahir, kowa na tambayar wane irin nama ne wannan. Ba wadda ta tashi da yunwa.

Cikin waɗanda suka shaƙi hayaƙin nan, yau saura ni da maijegon, da jaririn da ya fi ni tsayi yanzu, sai maƙwabciyar tawa mai maganar kyanwa. Bayan kowane Hajji tana aiko da namanta in yi mata banda.