Ƙayar da Ta Zauna Cikin Kumfa

Yayana ya yi shekaru yana ɗura wa tayoyin taraktarsa ruwan gulbi, wanda ake ɗebowa a jarka a bayan Argungu. Wanda bai san noman fadama ba zai yi mamaki. Tarakta in ba ta da nauyi, tayoyinta juyawa kawai suke a laka suna yi wa jama'a wankan taɓo. Shi ya sa ake cika manyan tayoyin baya da ruwa, a bar wa iska ɗan wuri a sama. In kuma ta kafe, a kwance bawul a zubar da ruwan, ta yi sauƙi a jawo ta.

Aibin ruwa ɗaya ne, ƙaya. Hanyar gonarmu bagaruwa ce dama da hagu, ƙaya guda kan zubar da taya kafin azahar. Yaya da kansa yake kwance ta, ya yi faci, ya mayar, aikin ƙato uku. Gonar shinkafar nan da mahaifinmu ya bari ita ke ciyar da gidansa, har da buhun da ake aiko mini Gesse, inda nake koyarwa. Ba ta kuma jiran kowa: in ba a yi huɗa ba kafin gulbi ya malalo, an yi asarar shekara.

Ni ne na fara kawo masa labarin kumfa, wata roba da ake ɗurawa a taya ta daskare, ƙaya ta shiga ta gaji don kanta. Na yi masa bayani daki-daki, kamar yadda nake wa 'yan aji uku. Ya saurara da irin natsuwarsu, wato yana tunanin wani abu dabam.

"Malam," in ji shi, haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "katihwa muka yi ko noma? In ta kahe cikin laka mi za ka zubar? Littahi?"

Na bar zancen.

Bayan wata kaka sai ga wayarsa, wai in same shi wurin wani mai faci a Birnin Kebbi. Na tarar da taraktar a ɗage, ana shirin ɗura kumfa.

"Ashe ilimi ya iso Argungu, Yaya," na ce.

"Ya iso," ya ce, "bisa kabu-kabu, ya sha rana."

Na lura rigarsa ta yi masa yawa, na ɗora laifin a kan aikin kaka. Mai facin ya dube shi ya ce, "Alhaji, ka dai sani, wagga in ta shiga ba ta hita. Ran da taya ta ƙare, sai zarto."

"Na sani. Ba ni ka yankan ba."

Muka yi dariya, ni da mai faci. Yaya ya ce in tsaya in sa ido, zai je ya ga wani mutum. Bai dawo ba sai la'asar, da ɗan ƙullin leda a aljihu.

Ya rasu kafin ruwan farko. Bayan an watse daga zaman makoki, matarsa ta gaya mini mutumin da ya je gani likita ne, kuma ba ganin farko ba ne. Ta ce ta yi masa faɗa a kan kumfar, tunda a da shi ne mai zagin kumfa. Abin da ya ce mata kawai: "Malam bai iya faci ba. Ɗiyan nan kuwa ba su kai ɗaga taya ba."

Haka gonar ta dawo hannuna, ni da ban taɓa riƙe sifana ba. Na ɗauki direba, ina zuwa Asabar da Lahadi. Duk abin da Yaya ya faɗa a kan kumfa gaskiya ne. Ta yi tauri, tana girgiza direba har yana rantsuwa haƙoransa sun sauya wuri. Wata damina ta kafe, babu abin zubarwa, sai da aka nemo wata tarakta daga Augie. Amma ƙaya ba ta taɓa cinye mana wuni ba, gulbi bai taɓa riga mu ba, tukunyar gidan Yaya ba ta huta ba.

Bana tayoyin suka suɗe. Muka koma wurin mai facin nan, ni da babban ɗan Yaya, wanda yanzu shi ke tuƙi, ya fi ni tsawo. Aka sa zarto. Da tayar ta buɗe, sai ga ƙaya jere a cikin kumfar, tsohuwa da sabuwa, kowacce a inda ta tsaya. Na juya baya ina goge tabarau, an daɗe ban gama ba.

"Malam, sabbin hwa?" in ji mai faci. "Ruwa ko kumhwa?"

Na dubi ɗan.

"Ruwa, Baba," ya ce mini. "Na iya faci."

Ya tafi neman jarkoki. Ni kuwa na roƙi mai faci ya yanko mini ɗan guntu, wurin da ƙayar ta fi yawa.