Ranar da Ƙafar Mota Ta Yi Iyo a Kududdufi

In Allah ya ja da raina har haƙorana suka ƙare, ba na jin zan manta da ranar da ƙafar mota ta yi iyo a kududdufin ƙauyenmu. A shekarun nan ne na tsanani, da taki ya gagari talaka. Ana tsakiyar marka, rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba, tafasa da rama ke riƙe da gidaje.

Muna zaune a gindin darbejiya bayan azahar, sai ga wata jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, tana tafe tana gurnani. Ɗan yayana ne a ciki. Yana aiki wurin wani dillalin motoci a birni, an aike shi ya kai wa wanda ya saye ta a ranar, shi kuwa ya ratso ta Minjibir don mu gan shi. Muka kewaye ta muna salati. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ƙarafan ƙafafunta, waɗanda ya ce sunansu rim, suna ƙyalli kamar sabuwar tasa.

Ina da wani taubashi, tsoho, wanda ya taɓa yin yaron mota, tun daga nan kuwa ba a yi abin hawan da bai sani ba. Ya durƙusa, ya leƙa, ya taɓe baki.

"Jabu ne. Dalmar tukunya ce aka goge."

"Haba Kawu! Na kamfani ne, da su aka ƙero ta."

"Tafi can, ɗan birni. Ubanka ma ni na goya shi."

Saurayin ya shiga bayani. Na asali, in ji shi, yana da tambarin kamfani da lambobi a bayansa, ba shi da nauyi, in an ƙwanƙwasa shi kuma amonsa yana daɗewa. Da ya tsaya nan ya ja motarsa, da an rabu lafiya. Amma ya manta yana magana da mutanen da ko tukunyar ƙasa ba sa saya sai sun ƙwanƙwasa ta sun juya gindinta. Dattawa suka ce a ciro ɗaya a gani.

Jak ɗin ɗaga mota ya nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai majiya ƙarfi suka ɗaga motar aka cusa turmi a kwance, mai turmin tana ta faɗa daga bayan danga. Aka ciro ƙafar, aka buga rim da ƙotar fartanya, ya ce ƙwas ya yi shiru, don taya tana jikinsa. Taubashina ya yi kabbara. Aka zo gwajin nauyi, kowa ya ɗaga ya ce da nauyi. Na ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, rabonmu da tuwon kirki yaushe? Yau ko buta kuka ɗaga za ku ce dutse ce."

Ya rage tambari, shi kuma laka ta rufe shi. Aka ce a kai bakin kududdufi a wanke. Taubashina ya rantse shi zai gara. A gangare ƙafar ta ƙwace, ya bi ta da gudu yana riƙe da hula, ta yi tsalle ta faɗa ruwa, ta tafi tsakiya tana lilo.

Ɗan yayana ya ɗora hannu a ka. "Baffa, na shiga uku! Motar mutane ce!"

Na ce wa taubashina, "To masani, ka gara ta, sai ka ɗauko ta." Ya tuɓe riga ya shiga, ruwa har wuya, ya rungume ta ya wanke bayanta. Muka ga ya ƙura mata ido.

Na ce, "Me ka gani?"

"Akwai wani ɗan rubutu."

"Tambarin ne, Kawu?"

"Shi ne. Amma ai guda ɗaya muka duba."

Mutane suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba. Shi kuwa saurayin bai isa wurin mai saye ba sai washegari. Mutumin ya durƙusa ya leƙa bayan rim, ya ga tambari, ya ga tabon ƙota, ya kuma zaro ganyen kainuwa. Dillalin ya ce wa ɗan yayana ya je gida ya huta, da shi muka yanke geron shekarar kafin a yi masa afuwa.

Abin da na koya a ranar shi ne, ba a raba gardama da kayan amana. In aka ce naka jabu ne, ka ce Allah ya sa mu dace, ka kama hanyarka da ƙafafunka huɗu.