Kakin Masuncin Tunuga

Shekarun baya, lokacin da kumandan Bature yake zaune a Gaya, tun ba a yi gada a kan gulbi ba, sana'ata ita ce zane da kaki. Na san da yawanku ba ku taɓa ganin ana yin ta ba. Farin yadi ake shimfiɗawa a kan katako, a narkar da kakin zuma a kasko, a tsoma gashin zabo a riƙa ja. Idan kakin ya daskare sai a kai marina. Duk inda kaki ya rufe, baba, wato shunin rini, ba ya kamawa, sai dai ta 'yan tsagogin da kakin ya yi, nan ne shuɗi yake kutsawa siriri kamar zare. Daga baya a tafasa yadin, kakin ya taso saman ruwa, a bari ya huce a kwashe, a sake aiki da shi.

A hayin Dahome na koyo ta. Kullum da na dawo sallar asuba sai in hura gawayi, domin da rana ta yi zafi kaki ba ya tsayawa inda aka sa shi. Ba na magana da kowa sai hantsi. Mahaifiyata takan ajiye mini kunu a bakin ƙofa, in manta da shi har ya yi sanyi, ta yi ta faɗa. Ganye nake zanawa, da igiyar ruwa, da kifi. Ban taɓa zana mutum ba.

Duk marinan garin, abokina ne kaɗai yake yarda in tsoma yadina a raminsa. Sauran sun ce kaki yana kashe baba. Idan babu raminsa, babu sana'ata.

Wata ranar kasuwa wani masunci daga Tunuga ya zo mini da farin yadi da curin kaki babba, baƙi-baƙi, mai ƙamshi. Ya ce shi da kansa ya ciro saƙar zumar a kogon bishiya, cikin wani tsibiri. Yana so in yi wa mahaifiyarsa zane, in sa shi a tsakiya yana tsaye cikin jirginsa.

Na ce masa ba na zana fuskar mutum.

Ya yi dariya ya ce, "Wa ya ce maka fuskata abin kallo ce? Yi ni ta baya, mai kaki. Ƙeyata ta fi kyau."

Ya juya mini baya ya tsaya, na ƙare masa kallo. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda tura gora. Muka yi da shi zai dawo bayan kasuwa biyu.

Kwana tara na yi a kan zanen nan. Ranar da abokina ya tsamo shi daga rami muka tafasa, ya daɗe yana kallonsa. Har yau ban sake yin abin da ya kai shi kyau ba.

Masuncin bai dawo ba. A kasuwa ta uku masu kawo busasshen kifi suka ce ruwa ya ci shi, an samu jirgin yana yawo shi kaɗai, ba a ga gawar ba.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. Amma sai na naɗe zanen na sa a ƙasan adaka. Na ce wa kaina hanya ta lalace da ruwan damina, na ce kada in tayar wa tsohuwa da ciwo. Gaskiyar ita ce ba na son rabuwa da shi. Kakin kuma da na kwashe daga tukunya, na mayar da shi kasko na ci gaba da aiki, tunda wani kaki mai laushin ja kamarsa bai taɓa zuwa hannuna ba.

Yadi na farko da na yi da shi ganyen kuka ne. Abokina yana shanya shi sai ya kira ni.

"Kai, zo nan. Yaushe ka fara ɓoye jirgi cikin ganye?"

Na duba. A cikin farin ganye ɗaya, tsagogin shuɗi sun haɗu sun yi wani abu mai kama da jirgi, da ɗan tsinke a tsaye a kansa. Na ce masa hayaƙin toka ne ya taɓa masa ido. Muka yi dariya, ya ce ni ne dai hannuna ya fara rawa tun ban tsufa ba.

Na biyu kifi ne babba. A cikin farin cikin kifin, jirgin ya sake fitowa, ya kai tafin hannu. Wannan karon ba tsinke ba ne. Mutum ne, kafaɗa ɗaya a sauke, kuma ya ɗan karkato, kamar wanda aka kira daga baya. Ba wanda ya yi dariya. Na ce kakin ne ya tsufa, yana tsagewa inda na saba naɗe yadi. Abokina ya ce to, ya tafi ya wanke hannunsa, ya daɗe yana wankewa.

Na uku na naɗe shi ta wata hanya dabam da gangan. Da hantsi muka tsamo shi, rana tas, mata suna wucewa da tulu, ana jin ƙarar kamyo, babbar motar kaya, a bakin duwan, wato ofishin kwastan. Muka tafasa, muka ware shi mu biyu, kowa ya riƙe gefe. Mutumin ya cika tsakiyar farin wata da na zana. Ya gama juyowa. Babu ido, babu baki, fili ne kawai fari, amma wallahi mu yake kallo.

Abokina ya saki gefensa, yadin ya faɗi cikin laka.

"Tun muna yara nake tare da kai," in ji shi, "amma ramin ga na gada ne, da shi nake ci da iyalina. In maganar nan ta fita, ko ɗankwali ba mai sake kawo mini. Kada ka ƙara zuwa nan da yadinka sai ka san abin da ka ɗauko."

Na wanke yadin na koma gida. Kwana uku ban hura gawayi ba. A na huɗu mahaifiyata ta shigo ɗakin aikin, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a kan tabarma. Na faɗa mata komai, har da adaka.

Ba ta yi salati ba, ba ta tsorata ba. Kallona kawai ta yi.

"Kai wannan, ashe ban gama renonka ba. Matar nan ba ta samu abin wankewa ba, ba ta samu abin binnewa ba, kai kuma kana kwana da bayan ɗanta a cikin adaka? Gobe ka kai mata. Da zanen, da kakin, har wanda ya manne a gindin kasko."

Washegari na kankare kaskon na kama hanyar Tunuga a ƙasa. Jirage suna ta tafiya can, amma ni, babban mutum da gemu, na ƙi ko kusantar bakin ruwa. Sai azahar na isa, ƙafafuna duk laka.

Na same ta a ƙofar bukka tana gyaran koma, 'yar tsohuwa ƙarama. Ta yi mini fofo, wato sannu da zuwa, ta ba ni ruwa. Na yi mata gaisuwar rashi, sannan na ware zanen a gabanta. Ta sa yatsa ta bi kafaɗar nan da ta sauka.

"Shi ne," ta ce. "Haka nake ganinsa kullum in zai fita."

Na miƙa mata kakin, ta sunsuna ta sa a cikin ƙwarya. Ba ta tambaye ni dalilin jinkiri ba. Ina shirin tashi sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗana, ya juyo maka?"

Ban faɗa wa kowa a garin nan komai ba. Na ce, "Ya juyo, Inna."

"Ni duk mafarkin da zan yi, bayansa nake gani. In kira, in kira. Kawo mini inda ya juyo."

Da na koma Gaya na ɗauko yadin na uku na kai wa abokina, muka ware shi a inda muka ware shi da farko. Muka duba sama, muka duba ƙasa, muka juya shi. Tsagogi ne kawai, birjik, kamar busasshen tabki. Babu jirgi, babu mutum. Abokina ya goge zufa ya ce in samo sabon kaki daga garin Junju mu gwada. Muka gwada, ganye ya fito ganye. Ya ce, "To, dawo da ƙazantarka, amma ko ƙadangare ka zana mini da ƙeya, na kore ka."

Saura alkawarin tsohuwa. Na yi tunanin in ce mata ya ɓace, amma na gaji da ɓoye mata abu. Na sake takawa har Tunuga, na shimfiɗa mata yadin, ina neman yadda zan ba ta haƙuri. Ta sunkuya a kan farin watan nan da ba komai a cikinsa. Ta daɗe ƙwarai. Sannan ta shafa shi da tafin hannu, a hankali.

"Ya rame," ta ce.

Na yi shekaru ina aikin kaki bayan wannan, ban sake ganin komai ba. Mai yiwuwa tsoro ne ya zana mana mutumin, ni da abokina, tunda ni na san abin da na riƙe. Na yarda da haka yawancin kwanaki. Abin da na tabbatar shi ne, aikin da ka yi wa wani ba naka ba ne, ko da ya fi duk abin da hannunka zai sake yi.

Yanzu da nake zuwa karatun manya, malaminmu ya ce kowa ya rubuta abin da ya taɓa faruwa da shi. Sati uku na yi ina haɗa baƙaƙen nan. Ko'ina hannuna ya tafi daidai, sai da na zo kan kalmomi biyu na tsohuwar nan, na ajiye alƙalami na fita waje inda mutane suke.