Farar da Na Ɓoye wa Kaka

Ranar wata Alhamis ta lokacin sanyi, shekarar da nake aji huɗu na firamare, muka gangaro daga tudun Nakkasa, unguwarmu a Makka, bayan sallar asuba, kowa da kaya a ka, domin motar Baffa Sule ba ta iya shiga lungunmu. Baffa Sule abokin mahaifina ne, makaniki, motar kuma tsohuwar bas ce ta jigilar alhazai. Ya cire mata kujeru, ya kafa gado a baya, da kabad, da murhun gas, da tankin ruwa a sama, har da labule mai furanni da matarsa ta ɗinka. Mu yara Ɗakin Baffa muke ce mata. Sau ɗaya a shekara take ɗibar gida uku zuwa Ɗa'ifa, a ga duwatsu, a sha iska, a yi hira, a dawo ran Juma'a. Hawan tudu kuwa sai an lallashe ta kamar tsohon jaki.

A wannan tafiyar ne aka fara zuwa da Kaka, mahaifiyar babana, wadda sunanta na ci, shi ya sa take ce mini Takwara. Mutuniyar Damagaram ce, ƙafafunta sun gaji, kuma ba duwatsu ne suka fito da ita ba. Fara ce ta sauko a shekarar, har a kan dakalin masallacin unguwa ana ganinta. Kaka kuwa tun da ta baro gida ba ta sa fara a baki ba, don a cikin iyakar Harami ba a kama ta, ba a kashe ta, kamar sauran namun dawa. Sai ta zauna a ƙofa tana kallonsu suna tsalle, tana ba mu labarin yadda ake fige fukafukai, a tafasa, a shanya, a soya da yaji. Ni da ban taɓa ci ba, kuma ina ƙyamarta, na yi mata alkawari da babban baki cewa da mun fita iyaka zan cika mata kwano.

Muna kusa da Muzdalifa igiyar tanki ta kwance, ruwa ya fara zubowa ta taga. Baffa Sule ya tsaya, maza suka hau sama suna ba juna shawarar da ba wanda ke ji. Ni da ƙawata Zulai muka sauka, sai ga fara a kan ciyayin bakin hanya, sanyin safiya ya kama su, ko tashi ba sa iyawa. A tunaninmu, tunda gidaje sun ƙare, Makka ta ƙare. Muka ɗauki buhun shinkafa da babu komai a ciki, muka dinga tsinta har ya yi nauyi, muka ja shi zuwa gaban gadon Kaka muna haki.

Kaka ta leƙa buhun, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga labule ta tambayi Baffa Sule ko mun wuce ginshiƙan iyaka. Ya ce saura kaɗan, suna can gaba kafin Arfa. Ta saki labulen.

"Ku mayar da su inda kuka same su. Baƙin Allah ne, kamar mu."

Muka zazzage buhun. Amma kafin nan na riga na cusa guda goma sha ɗaya a gwangwanin madara, na tura shi ƙarƙashin katifa. Ko Zulai ban gaya wa ba.

Bayan ginshiƙan ba mu ga fara ko ɗaya ba. Muka hau dutsen Hada, hazo ya rufe hanya, birai suka sace mana burodi ta taga, mata suna ihu suna dariya. A wani fili Baffa Sule ya ja rumfa daga jikin motar, aka shimfiɗa darduma, aka kawo dambu da ful, wato dafaffen wake, da shayi, maza suka shiga gardamar ƙwallo, mata suka shiga labarin wa ya haihu a Kano. Ni dai hankalina yana kan gwangwani. Da la'asar na zagaya bayan mota, na gasa su a garwashin shayi, na barbaɗa yajin dambu, na kawo a murfin tukunya a gaban kowa. Na ce a bayan wancan dutsen na kama.

Aka yi ta yaba mini. Kaka ta karɓa, ta kai hanci, ta lumshe ido. Zulai ta buɗe baki za ta yi magana, Kaka ta riga ta, ta ce haƙoranta ba za su iya ba yanzu, za ta ajiye sai ta jiƙa. Ta ƙulle su a gefen mayafinta, ta sa mini albarka. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka na yi dabara.

Ran Asabar, kafin in tafi makaranta, ta kira ni ɗakinta. Ta jawo tukunyar shinkafa, ta dinga ɗiba da tafin hannu tana zubawa a leda, ina ƙirgawa a zuci har goma sha ɗaya. Ta ƙulle ta miƙo mini.

"Takwara, kai wa makauniyar bakin masallaci. Fansar farar Muzdalifa ce. Da hannunki za ki ba ta."

Babana ma bai taɓa ji ba. Kunyar da na ji a kan matakalar masallacin nan har yau ban sake jin irinta ba. Kafin sanyi ya zagayo Kaka ta rasu.

Yanzu a unguwar Shisha nake zaune. Lungunmu na Nakkasa an rushe shi, Zulai tana Maraɗi, Ɗakin Baffa kuma an sayar wa masu tsohon ƙarfe. Muna zuwa Ɗa'ifa a mota mai sanyi, yarana kowa da waya a hannu, ba sa ma lura idan mun wuce ginshiƙan. Fara kuwa alhazai suna kawo ta soyayya a leda. Nakan saya, yaran su toshe hanci su ce da Larabci wai ƙwaro Mama take ci. Ina ci, kuma da daɗi, yadda Kaka ta faɗa. Ita dai ƙanshin kawai ta samu.